Zarni da Ƙarni

Ƙarfe biyar na asuba a birnin Hull,
hawa na biyu, ɗaki na sha ɗaya,
na sa safar roba, na yaye bargo.
Zarni ya riga ni gaisuwa.

Wilfred ya juya fuska bango.
Shekara tamanin da bakwai,
haƙoransa na jiƙe a kofi bakin taga
suna yi wa alfijir murmushi ba da saninsa ba.

Zuciyata ta tashi, ba zan ɓoye ba.
Wata takwas ina wannan aiki,
har yau maƙogwaro bai daina gardama ba.
Na haɗiye yawu,
sai tunani ya tsaya a kan yawun nan:
yini guda ina haɗiyarsa ba tsantsami,
amma in na tofa shi a cokali
ko da kuɗi ba zan mayar da shi baki ba.
Me ya same shi tsakanin leɓe da cokali?
Taku ɗaya ya yi, ya zama baƙo.

Gashin da na shafa wa man kaɗanya jiya,
in na tsince shi yau a magudanar banɗaki
da tsinke nake ɗaga shi, ina yamutsa fuska.
Nawa ne. Ba nawa ba ne.
A nan ƙyama take kwana,
kan iyakar da ba a yi mata katanga ba.

'Yarsa Maureen takan zo ran Lahadi
da furanni da turaren fesawa.
Bakin ƙofa take tsayawa, jaka rungume a ƙirji,
ta fesa, ta ƙara fesawa, ta ce hanya da cunkoso.
Ban ga laifinta ba.
Ba warin take gudu ba:
hancinsa irin nata ne, haɓarsa irin tata,
gadon da ke jiranta ta leƙo.

Da na gama goge shi na shafa masa mai,
sai ya yi magana, bango yake faɗa wa:
shekara talatin yana feɗe kifi a bakin tashar jiragen ruwa.
In ya hau bas da yamma
kujera uku kan zama wofi kewaye da shi,
mata su toshe hanci da hankici saboda ƙarni,
su sauka, su sayi kifin da ya feɗe,
su ci da dankali suna lasar yatsu.

Na yi dariya har robar hannuna ta yi ƙara.
Na ce masa ko jiya, a bas ɗin ƙarfe takwas,
wani saurayi ya dubi rigar aikina,
ya dubi fuskata, ya gwammace tsayuwa.
Wa ya sani ko kakarsa ce a ɗaki na tara,
wadda nake yanke wa farce tana kira na da sunan ƙanwarta.

Haka ake aiki da ita:
a ɗauki abin da ba a son tunawa,
a rataya wa wani a wuya,
a ce shi ne mai wari, a matsa gefe.
Gari ya wayi gari tas,
mu muka kwana da bokiti.

Kakata Gwamma takan ce
hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.
A nan na ga ana yankewa cikin ladabi,
da takarda, da sa hannu, da kuɗin wata,
a ajiye hannun a ɗaki mai ɗumi,
a ɗauko wata daga nesa ta riƙa wanke shi.
Har na buɗe baki zan yi tir,
sai na tuna:
wa ke wanke Gwamma a Dutsin-ma yanzu?
Ni kuɗi nake turawa.

Na ƙulle leda, na jefa a kwandon shara,
na cire safa, na wanke hannu har gwiwa
kamar mai shirin alwala.

"Miƙo mini haƙorana," in ji shi.
Na tsamo su da yatsu tsirara, na ɗauraye.
Ya tura su baki, ya motsa muƙamuƙi,
suka koma shi.
Ya juyo ya dube ni,
ya tambaya ko an dafa shayi.